Yadda na bi baƙin fadamarmu har gabashin Poland

Duk wanda ya tashi a yankin Nguru ko Haɗeja ya san cewa daga watan Oktoba fadama kan cika da baƙin tsuntsaye, kuma kafin zafin Afrilu ya kankama sun watse. Ba mu cika tambayar inda suke nufa ba. Sai da karatu ya kai ni Warsaw, na faɗa cikin wasu 'yan ajinmu masu fita kallon tsuntsu a ƙarshen mako, sannan na gane cewa wasu daga cikin baƙin nan a ƙasar da nake zaune suke yada zango, wasu ma a nan suke yin sheƙa. Wurare biyu ne sunansu ba ya fita daga bakin abokan nawa: dajin Białowieża da ke kan iyakar Poland da Belarus, da fadamar kogin Biebrza da ke arewa maso yammacinsa. Da suka fara shirin zuwa na ce a sa da ni.

Abin da aka fi daɗewa ana gardama a kai shi ne ranar tafiya, kuma daga baya na ga dalili. Bazararsu, wato bayan narkewar ƙanƙara, gajera ce, kuma kowane tsuntsu da nasa makon. Mai son jin maƙwaƙƙwafi yana buga itace sai ya je a Maris ko Afrilu, kafin ganye ya rufe daji. Mai son ganin fadama cike da ruwa da masu wucewa zuwa arewa, ƙarshen Afrilu ne nasa. Ƙananan tsuntsaye masu waƙa da ke tasowa daga Afirka kuwa sai Mayu suke kammala isowa. Wanda ya bari har Yuni zai sami ciyawa ta yi tsawo, sauro kuma ya karɓi ragamar gari. Muka tsayar da farkon Mayu zuwa tsakiyarsa, don mu tsinci kaɗan daga kowane. Hausawa na cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, amma a wannan harka sai an haɗa biyun, domin 'yan jagora masu lasisi ba su da yawa, kuma tun cikin sanyi Jamusawa da Ingilishi da mutanen Holand suke kama su.

Kaya ba su da yawa. Madubin hangen nesa na rataye a wuya, irin mai lamba 8x42, shi ne dole. Babban mai ƙafa uku kuwa guda ɗaya ya ishi ƙungiya, kuma ɗan jagora kan zo da nasa. Sai takalmin roba mai kaiwa gwiwa, da rigar sanyi da safar hannu, don da asuba a watan Mayu akan wayi gari raɓa ta daskare a kan ciyawa, da rana kuma mutum ya yi ta cire kaya. Abin da ban yi tsammani ba shi ne allura. Kaskar lardin Podlasie, inda wuraren biyu suke, tana ɗauke da cutar da ke kumbura ƙwaƙwalwa, ana kuma yin rigakafinta, amma allurai biyu na farko suna buƙatar tazara a tsakaninsu, don haka tun wajen Maris na fara. Akwai wata cutar kaskar da babu allurarta, maganinta kawai a cusa ƙafar wando cikin safa, a kuma duba jiki kaf kowane dare.

Daga Warsaw muka shiga jirgin ƙasa zuwa Hajnówka, muka ɗauki motar haya a can. Tsakanin garin da ƙauyen Białowieża tafiyar kilomita kamar 20 ce, duk cikin daji. A nan ne ya kamata duk ɗan Afirka mai niyyar zuwa ya buɗe kunne. Tun 2021 ake fama da rikicin masu ƙetarowa daga Belarus ta wannan daji, cikinsu har da 'yan Afirka, kuma a 2022 Poland ta gina katangar ƙarfe mai tsayin mita 5.5 da tsawon kilomita kusan 186 a kan iyakar. Sojoji da masu tsaron iyaka suna ko'ina, wasu hanyoyin da ke kusa da katangar kuma akan rufe su lokaci zuwa lokaci. An tsayar da motarmu, kamar yadda ake tsayar da kowa. Na miƙa fasfo da katin zama, jami'in ya duba, ya leƙa ya ga madubin da ke wuyana, ya tambaya ko tsuntsu muka zo gani, ya miƙo mini takarduna. Daga ranar ban sake fita ko da bayan masauki ba sai fasfo na aljihun ƙirji. Ban kuma shiga daji ni kaɗai ba, ba don tsoron dabba ba. Mutum yana tsaye yana neman tsuntsu, ya san cewa a cikin dajin nan akwai waɗanda sanyi da yunwa suka kashe suna neman hanya. Wannan tunani bai bar ni ba har muka fito.

Tsakiyar dajin, wurin da aka haramta taɓa komai, ba a shiga sai da ɗan jagora mai lasisi da tikiti. Namu dattijo ne ɗan ƙauyen, ba mai yawan magana ba, muna ce masa Pan kamar yadda ake girmama kowane namiji babba a ƙasar. Ya ce mu haɗu ƙarfe huɗu saura. Abokaina suka yi ta ƙorafi. Ni kuwa abin ya zo mini daidai, don a wannan wata a can asuba kan yi tun kafin ƙarfe uku, rana ta fito kafin biyar, sai na yi salla na sha shayi na zauna jiransu. Muka ratsa lambun tsohuwar fadar farauta ta sarakunan Rasha, wadda aka gama a 1894 ta kuma ƙone a 1944, muka bi ta wani fili, sai ga wata babbar ƙofar katako. Kwaɗayin farautar sarakuna, na Poland da na Rasha, shi ya hana a sare dajin nan lokacin da aka share sauran dazuzzukan Turai aka yi gonaki. An mai da wani sashe nasa gandun ƙasa a 1932, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979.

A gida mun saba cewa gani ya kori ji. A cikin wannan daji ji ne ke gaba, gani ya biyo baya in an yi sa'a. Itatuwan dogaye ne ƙwarai, wasu sun shekara ɗaruruwa, kuma kukan tsuntsaye yana zubowa ta kowace kusurwa har mutum ya rasa wanda zai bi. Dattijon yakan tsaya cak, ya ɗaga yatsa, ya ambaci suna, mu kuma mu yi ta zare ido ba mu ga komai ba. Ya koya mana dabara ɗaya da ta canza mini komai: kada ka nemi tsuntsu da madubi. Ka kafa masa ido tsirara tukuna, sannan ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka motsa kai ba. Kafin nan ni ganye kawai nake ta gani.

Maƙwaƙƙwafi ne abin alfaharin wurin, don kusan duk ire-irensa na Turai suna nan. Mun ga babban baƙin, mai girman hankaka da jan kai, yana ɓantalo itace yana watsarwa. Mun tsaya nesa da wani rami da dattijon ya sani, muka jira har mai farin baya ya dawo da tsutsa a baki. Mai yatsu uku, wanda namijinsa ke da ɗorawa a ka, shi ya ba mu wahala, sai can a wani wuri da itatuwa suka bushe a tsaye muka same shi yana ɓare ɓawo. Na tambayi dattijon me ya sa ba a kwashe itatuwan da suka faɗi, ga su nan birjik suna ruɓewa, wanda a wurinmu da tuni sun zama itacen girki.

"Pan, wannan ba asara ba ce?"

Ya taka wani gungume da takalminsa, ya nuna mini ramukan da ke jikinsa. "Mataccen itace ya fi mai rai yawan masu rai a cikinsa. Ka kwashe shi, ka kwashe tsutsa. Ka kwashe tsutsa, me za ka zo kallo?"

Maganar ba ta fatar baki ba ce a wurinsu. A 2016 gwamnati ta ƙara yawan saran itace a sassan dajin da ke wajen gandun, da hujjar yaƙi da wani ƙwaro mai cin ɓawo. Masu kare daji suka yi ta kwanciya a gaban injuna, magana ta kai kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke hukunci a Afrilun 2018 cewa saran ya saɓa doka. Har yau ƙauyen a rabe yake, tsakanin masu ci daga katako da masu ci daga baƙi irinmu. Shi dattijon ya taɓa cin abinci ta hanyoyin biyu, don haka bai zagi kowa ba.

Ɓaunar Turai, wadda suke kira żubr, ba ta cikin lissafinmu, amma muka ci karo da wasu maza a bakin wani fili da sassafe, tururi na fita daga hancinsu. Babban namiji kan doshi kilo 900. An kashe ta ƙarshe a dajin a 1919, aka sake tara iri daga gidajen namun daji a 1929, aka fara sakinsu a 1952, yanzu suna ɗaruruwa. Muka tsaya inda aka ce mu tsaya. Da magariba kuma aka nuna mana mujiya mafi ƙanƙanta a Turai, wadda tafin hannu zai rufe ta, tana zaune a ƙolin itace tana harararmu.

A hanyarmu ta zuwa Biebrza na roƙi a ratsa ta Kruszyniany, ƙauyen Musulmi 'yan ƙabilar Tatar da sarkin Poland Jan Sobieski ya ba kakanninsu ƙasa a 1679. Masallacinsu na katako ne, fentinsa kore, in ba ka ga jinjirin wata a samansa ba sai ka ɗauka cocin ƙauye ne. A nan na ci nama hankali kwance. A sauran wurare sai da lura, domin abincin lardin dankali ne da alade, kuma ko abin da aka ce na cuku da dankali ne kawai, sau da yawa akan barbaɗa masa soyayyen kitsen alade a kai. Na koyi faɗa tun kafin a ɗora tukunya, na kuma riƙe kifi da ƙwai da burodi.

Tun daga hanya farar shamuwa ta fara tarbarmu. Kusan kowane ƙauye akwai sheƙarta a kan turakun lantarki, har kamfanin wuta ke ɗora mata faranti na ƙarfe don kada ta jawo gobara. Ta fi tamu girma, fara ce mai baƙin fiffike da jan baki, kuma tana da irin farin jinin da tamu ke da shi, ba mai taɓa ta, zuwanta albishir ne. Na wannan yanki ba sa ƙetare teku. Sukan zagaya ta Turkiyya, su bi ta Masar, su sauka Sudan da Chadi, wasu su zarce har kudancin Afirka.

Biebrza ita ce gandun ƙasa mafi girma a Poland, murabba'in kilomita kusan 592, an kafa ta a 1993, ofishinta na Osowiec, inda muka sayi tikiti da taswira. Kogin ba a taɓa daddatse shi da manyan madatsun ruwa ba, don haka duk shekara in ƙanƙara ta narke yakan malala ya shafe kilomitoci. Da na hau hasumiyar katako da ke kusa da ƙauyen Brzostowo, na ga ruwa shimfiɗe cikin ciyawa, ga shanu suna ratsawa zuwa kiwo, sai da gabana ya faɗi. Haka dattawanmu ke ba da labarin fadamar Haɗeja kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992.

A nan na ga abin da ya kawo ni. Akwai wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu, launin ƙasa-ƙasa, da ke sauka garke-garke a gonakin shinkafarmu da rani yana tsintar abin da ya zube. Ba shi da wani kyau, ba ya kuka, ba wanda ke waiwayarsa sai yara masu ɗana tarko. A Poland sunansa batalion, kuma shi ne tambarin gandun Biebrza. Dalili kuwa, kafin ya iso nan namijin ya sauya kamanni gaba ɗaya. Wani tulin gashi kan fito masa a wuya ya kewaye kai, da tukkaye biyu a ka, kuma da wuya ka ga biyu masu launi ɗaya: wannan baƙi mai sheƙi, wancan ja, wani fari fat, wani mai zane-zane. Suka taru a wani ɗan tudu a tsakiyar ruwa kamar mahaya ranar hawan daushe, kowa da irin adonsa, suna buɗe gashi, suna tsalle, suna kai wa juna ƙafa, sai kuma su durƙusa su kafa baki a ƙasa su sandare. Duk wannan ba a jin ko ƙis. Matan, ƙanana marasa ado, suna ta kiwonsu a gefe kamar ba da su ake ba.

Matar da ta yi mana jagora a fadamar ta ce mu lura da kyau, mazan iri uku ne. Masu duhun gashi su ne masu fili, kowa na tsare ɗan wurinsa. Masu farin gashi ba su da fili, sukan raɓu da masu shi, a kuma ƙyale su domin taron ya fi jan hankalin mata. Na ukun ba su da ado ko kaɗan, kamanninsu na mata ne, da haka suke shiga tsakani su yi barbara ba a farga ba. Sai a 2006 masana suka bayyana wannan iri na uku, kuma gado ne, kowane namiji da yadda aka ƙyanƙyashe shi zai mutu. Yawancin waɗanda muka gani masu wucewa ne, za su ƙara gaba zuwa arewacin Turai da Saiberiya.

Ban iya haƙuri ba, na kira kawuna da ke noman shinkafa a gida, na tura masa hoton da na ɗauka ta bakin babban madubi.

"Kawu, ka gane wannan?"

"Wace irin kaza ce haka?"

"Tsuntsayen nan ne da ke sauka gonarka bayan girbi."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai, yaro, ka ji tsoron Allah." Da na rantse masa sai ya yi dariya. "To, tunda Turawa na son baƙi, ka ce su zo su kwashi jan-baki ma." Na ce masa jan-baki namu ne, ba ya zuwa ko'ina.

Tsuntsun da ya fi tara mutane a Biebrza kuwa, in ka gan shi za ka yi mamakin wahalar da ake sha a kansa. Sunansa wodniczka, nauyinsa gram 12 ne ko kusa da haka, mai ratsin rawaya a tsakiyar ka. A cikin tsuntsaye masu waƙa da ke ƙaura a nahiyar Turai babu wanda ya kai shi ƙaranci. Mazan da suka rage a duniya ba su wuce dubu goma sha 'yan kai ba, kusan dukkansu a Belarus da Yukren da Poland. Ana ganinsa daga wata gadar katako mai suna Długa Luka, mai tsawon mita kamar 400, wadda ta kutsa cikin dausayi daga gefen tsohuwar hanyar da Rashawa suka gina don haɗa sansanonin sojansu. Lokacinsa dab da faɗuwar rana ne, wajen ƙarfe takwas. Muka isa da sauran rana, muka tarar da mutane jere da madubai, ana magana ƙasa-ƙasa cikin harsuna daban-daban. Sauro ya yi mana rubdugu. Can nesa gaurakin Turai, masu launin toka marasa tukku, suna ta busa, wani tsuntsu kuma da ke ɓoye cikin kyauro yana sakin wata ƙara mai zurfi da ake ji har cikin ƙirji. Sai jagorarmu ta taɓa kafaɗata. Wata 'yar gajeriyar ƙara ce, karrr, sai 'yan fito biyu uku. Ya hau kan busasshen kara, ya buɗe baki, iska na kaɗa shi, muka yi layi a bayan babban madubi kowa ya ɗan leƙa ya matsa.

Shekara da shekaru ba a san inda yake cin rani ba, sai a 2007 aka gano shi a Djoudj da ke Senegal, daga baya kuma a fadamun kogin Neja cikin Mali. Wato shi ma ɗan Sahel ne rabin shekara. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dalilin raguwarsa. Ba ya son kyauro mai tsawo, ba ya son kurmi, sai gajeriyar ciyawa mai ruwa iya idon sawu. Da can manoma ne ke yanke ciyawar da lauje suna kai wa shanu. Da suka daina, sai kyauro da ƙananan itatuwa suka mamaye wurin. Yanzu gandun da ƙungiyar kare tsuntsaye ta ƙasar, OTOP, suna sa a yi yankan da wasu motoci masu sarƙa a ƙafa, waɗanda asali don dusar ƙanƙara aka ƙera su, saboda ba sa nutsewa. Na ba jagorarmu labarin kacalla, yadda ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru tun da ambaliya ta daina zuwa da ƙarfinta, har masunta da manoma suke gayya su shiga da adda. Ta yi ta yi mini tambayoyi, ta fiddo littafinta tana rubutawa. Sunan Nguru ba baƙo ba ne a wurinta, ta san shi daga rahotannin ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi duk Janairu.

Kowane dare bayan cin abinci akan zauna a yi lissafi. Mutum ɗaya na karanto sunaye, duk wanda ya gani ko ya ji ya amsa, a ƙarshe a shigar da jerin a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsu ke ajiye abin da suka gani, tare da wuri da lokaci. Ƙa'idar ita ce ba a rubuta abin da ba a tabbatar ba, kuma a kan wannan aka yi rigimar da ta fi kowace zafi. A ranarmu ta ƙarshe wata gaggafa mai duhu ta yi shawagi can sama da bakin daji. Iri biyu ne masu kama da juna a yankin, ƙarama da ake yawan gani, da babba wadda a duk Poland a Biebrza kawai take sheƙa, kuma don ƙarin rikici sukan yi barbara da juna su haifi ruwa-biyu. Biyu daga cikinmu suka rantse babbar ce. Aka buɗe hoto aka ƙara girmansa har ya dushe, ana ƙirga gashin bakin fiffike. Jagorar ta duba ta ce ita ba za ta sa hannu ba. Aka rubuta gaggafa ba tare da an faɗi iri ba, ɗaya daga cikin masu rantsuwar kuma bai yi wa kowa magana ba har muka mai da mota muka shiga jirgin Warsaw.